Yadda majalisar gunduma za ta nemo kuɗin rigakafin gobarar daji

Mazaunin Aboabo ko Asawase a birnin Kumasi na Ghana zai iya cewa ina ruwansa da gobarar daji, tunda ba abin da ya kewaye shi sai kwano da siminti. To amma masara da doya da wake da gawayin da ake saukewa a kasuwannin Kumasi, da yawansu daga Ejura da Mampong da Offinso da Nkoranza da Atebubu ake lodo su. A wannan yankin ne kurmi ke rabuwa da filin ciyawa, a nan ne kuma wuta ta fi ci idan hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Maris. Mutanenmu na Zango da dama suna da gona a can, wasu shanunsu na hannun makiyaya, wasu kuma su ne ma ke wakiltar unguwanninsu a majalisun waɗannan gundumomi. Dattawa ba su manta 1983 ba, shekarar da fari ya haɗu da wutar daji, gonakin koko da na abinci suka ƙone ƙurmus, ga kuma 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya sun dawo sun tarar da yunwa.

Bayanin nan na Onarabul ɗan majalisa ne, da ɗan kwamitin unguwa, da shugaban ƙungiyar manoma, da duk mai bakin magana a wurin shugaban gunduma. Tun farko a riƙe wannan: ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin da za a yi aiki da su a Disamba, tun damina ake nemansu, sau da yawa ma tun daminar bara. Takardar da aka rubuta a Janairu, hayaƙi na tashi, takardar neman agaji ce, wannan kuma aikin NADMO ne, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa. Mai ba da tallafin rigakafi yakan ɗauki watanni kafin ya ce e ko a'a.

Fara da abin da doka ta riga ta ɗora muku

Kafin ka je ƙofar kowa, duba gida. Bayan wutar 1983 gwamnatin wancan lokaci ta kafa dokar hana ƙona daji, sannan a 1990 aka maye gurbinta da wadda ake aiki da ita har yau, wato PNDCL 229. Dokar ta ce kowace majalisar gunduma ta kafa ƙaramin kwamitin yaƙi da gobarar daji, a kuma samar da 'yan sa-kai a garuruwa da ƙauyuka, hukumar kashe gobara ta ƙasa ta horar da su. Kwamitin ne zai tsara wa majalisa dokokin gida, ya tsai da lokacin da aka hana cinna wa sassabe wuta. A 2006 kuma ƙasar ta fitar da manufarta kan kula da wutar daji.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa babban daraktan majalisa ita ce: Yallaɓai, kwamitin nan yana nan? Yaushe ya zauna na ƙarshe? Ina rahoton zaman? Idan amsar ta zo da kame-kame, to aikinka na farko ke nan. A tashe shi, a zauna, a rubuta sunayen waɗanda suka halarta, kowa ya sa hannu. A ciki a samu kwamandan 'yan kwana-kwana na gunduma, da manajan gandun daji, da daraktan aikin gona, da jami'in NADMO, da wakilin masarauta. Dokokin gida kuma, idan akwai su, a tabbatar an kai su majalisar daidaita ayyuka ta yanki kuma an buga su a jaridar gwamnati, domin ba tare da haka ba ba su da haƙora a gaban kotu. Babu mai zuba kuɗinsa a gundumar da ba ta yi ko abin da ba ya cin kuɗi ba.

Tara shaida

Nan ne akasarin masu nema ke faɗuwa, shi ya sa zan daɗe a kansa. Kowa a gari ya san wuta na ci duk shekara, amma mai karanta takardarku a Akra ko a Turai bai taɓa taka ƙauyenku ba. Abin da aka rubuta shi kaɗai ya sani.

Rijistar ofishin kashe gobara ita ce wurin farawa, sai dai ba ta cika ba, don galibin wutar ƙauye ba a kiran 192, lambar 'yan kwana-kwana, a kanta, mutane ne ke kashe abarsu da ganyen kwakwa. Ofishin gandun daji yana da nasa bayani kan dazukan gwamnati, irin su Afram Headwaters da ke wajen Offinso, masu kula da namun daji kuma suna da na Kogyae da Bomfobiri. Ma'aikatan gona sun san gonakin da suka ƙone. A karɓo duka a haɗa.

Sauran kuma ku za ku tara da ƙafarku. A sayi littafi mai kauri, a ja layi, kowane ƙauye da shafinsa. A rubuta watan da wuta ta tashi, inda ta faro, ta ina iska ta koro ta, eka nawa ta ci, me ke cikin gonar, buhu nawa ya ƙone a rumbu, ko an rasa rai ko dabba. Ka zauna da manomi a gindin bishiya ka bar shi ya lissafa da yatsunsa: kashu mai shekara shida, irin doyar da ya ajiye don shukar bana, bukkar gona da abin da ke ciki. Irin doyar nan ya fi komai zafi, domin asararsa asarar shekara biyu ce. A ɗauki hoto da waya, a bar alamar wuri a kunne don hoton ya riƙe inda aka ɗauke shi.

Akwai kuma abin da yawancin majalisu ba sa amfani da shi alhali kyauta ne. Hukumar NASA ta Amurka tana da shafi mai suna FIRMS, wanda ke nuna inda tauraron ɗan'adam ya hango zafin wuta, ɗigo-ɗigo a kan taswira, kuma ana iya sauko da na shekarun baya. Jami'in tsare-tsare na majalisa ko wani ɗalibin jami'ar KNUST da ke Kumasi zai iya ciro na gundumarku na shekara biyar ko goma, ya ɗora a kan taswirar ƙauyuka. Nan take za a ga inda ɗigon ya fi yawa. A dai yi hattara wajen bayani: tauraron bai san bambancin manomin da ya ƙona sassabensa a tsanake da wutar da ta ƙwace ba, ƙananan wuta kuma sukan wuce shi. Shi ya sa littafin nan na ƙauye ke tafiya tare da taswirar.

Daga nan sai maganar da ake kauce wa: wa ke cinna wutar? A rubuta gaskiya. Akwai mafarauta masu neman gafiya da burgu, akwai masu cin zuma da masu ɗiban bammi, akwai masu gawayi, akwai manomin da wutar sassabe ta fi ƙarfinsa, akwai makiyayin da ya ƙona busasshiyar ciyawa don sabuwa ta tsiro, akwai guntun taba da aka jefar daga mota. Ga kuma ciyawar nan da ake kira acampong, wadda ke mamaye saura ta bushe ta zama makamashi. Takardar da ta ɗora laifin duka a kan jinsi ɗaya, mai karatu na ganinta zai gane takardar rigima ce.

Sa shi a cikin tsari da kasafi

Kowace majalisa tana da tsarin raya gunduma na shekara huɗu, wanda ake rubutawa bisa jagorancin hukumar tsara ci gaban ƙasa, daga cikinsa ake ciro aikin kowace shekara da kasafinsa. Idan rigakafin gobara bai fito a cikin waɗannan takardu ba, mai tallafi zai ɗauka ba damuwarku ba ce. Ka tashi a zauren majalisa ka gabatar, a sa a rahoton zama, ka bi jami'in tsare-tsare da na kasafi tun tsakiyar shekara, kafin a kawo kasafin baɗi gaban majalisa.

A ware wani abu daga aljihun majalisa, ko yaya ƙanƙantarsa, daga harajin da take tarawa ko daga asusun bai-ɗaya na gundumomi, wanda kundin tsarin mulki na 1992 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Kuɗin asusun nan sukan makara, don haka kada a jingina aikin Nuwamba a kansu kaɗai. Gudummawar ba lallai ta zama tsabar kuɗi duka ba: man mota, ɗakin taro, lokacin ma'aikata, ƙwadagon da jama'a za su yi, duk ana yi musu kima a rubuta.

Zauna da masu ƙasa da masu amfani da ita

Ƙasa a Asante ta masarauta ce. Layin tare wuta, wato sharar da ake yi a fili don wuta ta tsaya, ba zai ratsa gonar kowa ba sai Nana, wato sarkin garin, ya sa baki, don haka a fara gaishe shi yadda al'ada ta tanada, a nemi wasiƙar goyon baya mai ɗauke da tambarinsa. Sannan Sarkin Zango, da Sarkin Fulani, da liman, da fasto, da uwar kasuwa, da shugaban mafarauta. Ɗan Zango yana da wata dama a nan da ba kowa ke da ita ba: yana jin Hausa, yana jin Twi, zai iya zama da makiyayi a ruga da safe ya zauna a fada da yamma. A wuraren da aka sha rikicin manoma da makiyaya, irin su Agogo da filayen Afram, takardar da ke ɗauke da sa hannun ɓangarorin biyu ta fi kowace irin kwalliyar Turanci nauyi. Mata kuma kada a kira su don cika hoto. Su ke tsintar itace, su ke sayar da gawayi, sun san hanyoyin daji, masu tallafi kuma za su tambayi mata nawa ne a kwamiti.

Zaɓi ƙofar da ta dace

Ba kowace ƙofa ce majalisa ke iya ƙwanƙwasawa da kanta ba, rashin sanin haka na cinye watanni a banza.

Shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, GEF, wanda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ke gudanarwa, ƙungiyoyin jama'a da masu zaman kansu yake ba wa, ba gwamnati ba. A nan ƙungiyar manoma ko ta 'yan sa-kai ce za ta nema, majalisa ta tsaya a bayanta da wasiƙa da gudummawa. Sai ƙungiyar ta kasance da rajista, da kundin dokokinta, da asusun banki da sunanta, ba da sunan ciyaman ba.

Ofishin jakadancin Japan a Akra yana da tallafin ayyukan talakawa wanda ƙananan hukumomi ke iya nema kai tsaye. Ya fi karkata ga abin da ake gani a taɓa, gini ko kayan aiki, ba alawus da taro ba. Shirin LoCAL na UNCDF, wani asusu na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuwa ta hannun gwamnati yake bi ya isa asusun majalisun da aka zaɓa, don ayyukan jure sauyin yanayi, kuma yadda majalisa ke riƙe littattafan kuɗinta na shafar abin da za ta samu. Ma'aikatar ƙananan hukumomi ce wurin tambaya.

Manyan kuɗi irin na asusun yanayi na GCF ba a rubuta musu daga gunduma. Ta ma'aikatar kuɗi suke bi. Abin da majalisa za ta yi shi ne ta nemi shiga ayyukan da aka riga aka amince da su, waɗanda yawanci hukumar gandun daji ke riƙe da su. Misali, shirin kare dazukan yankin koko ya kawo wa Ghana biyan farko na dala miliyan 4.8 daga Bankin Duniya a Janairun 2023, saboda rage sare daji. A arewa kuma akwai na yankin kaɗanya. Manajan gandun daji na gundumarku zai faɗa maka ko kuna cikin iyakar ɗayansu.

Mu na Kumasi muna da sa'a, masana na kusa. Cibiyar binciken gandun daji ta FORIG tana Fumesua, cibiyar tallafa wa kula da albarkatu ta hukumar gandun daji tana cikin gari, ƙungiyar Tropenbos Ghana ma da ta yi aiki kan wutar daji a nan take. Wasiƙa daga ɗayansu, ko ma'aikacinsu guda a matsayin mai ba da shawara, na ƙara wa takarda daraja. Kada kuma a manta da kamfanonin da ke da gandun tik ko gonakin kashu a yankin: wutar da ta ci gonar talaka ba ta tsayawa a iyakarsu, sun san haka.

Duk wanda ya ce ka biya shi kuɗin fom ko kuɗin buɗe hanya kafin tallafi ya fito, ɗan damfara ne.

Rubutun kansa

Karanta sanarwar mai tallafi sau biyu, biro a hannu. Wa ya cancanta, nawa ne iyaka, me ba sa biya, yaushe ake rufewa, shafi nawa. Idan sun ba da fom, shi za a cika, ba wanda aka kwafo daga wani aiki ba. Da yawa sukan nemi taƙaitaccen bayani na shafi biyu ko uku tukuna, sai wanda ya tsallake ya kawo cikakke. Da Turanci za a rubuta, amma a fara tattauna shi da harshen da mutanen ke ji, don wanda ya sa hannu ya san abin da ya sa wa hannu.

Bayanin matsala ya zama na wurinku. “Gundumarmu na fama da gobara sakamakon sauyin yanayi” kowa na iya rubutawa, daga Wa har Keta. Ku rubuta cewa a ƙauyuka kaza da ke gefen daji kaza, wuta ta tashi sau kaza cikin hunturu uku, ta ci eka kaza, akasarinta daga gabas ta shigo, ga taswira ga hotuna. Kuma kada a ɗauko gunduma duka. A zaɓi ƙauyuka kaɗan inda ɗigon taswirar ya taru, a yi musu aiki mai kyau. Alkawarin kawar da gobara gaba ɗaya ma a bar shi, ba wanda zai yarda. A ce za a rage yawan filin da ke ƙonewa, a faɗi da nawa, a faɗi yadda za a auna.

Ayyukan su bi kalandar wuta. Horar da 'yan sa-kai kafin damina ta ɗauke. Share layin tare wuta a Nuwamba, ciyawa na fara yin ruwan ɗorawa: a sare ta, a kwashe tas har ƙasa ta fito, domin layin da aka bar busasshen ganye a kansa gada ce aka yi wa wuta. Faɗinsa ya danganta da tsayin ciyawar wurin da ƙarfin iska, ma'aikatan daji ne za su auna. Inda ya dace a yi ƙonan wuri, wato a cinna wa ciyawa wuta da gangan tun tana da sauran danshi, da yamma iska ta kwanta, masu bugun wuta na tsaye. Don dogon zango kuma a dasa layin bishiyoyin da ba sa zubar da ganye duka, irin kasiya, inuwarsu ta hana ciyawa tashi. Sintiri daga Disamba zuwa Maris. Faɗakarwa a rediyon gari da lasifikar ƙauye, da Twi da Hausa da Fulatanci da Dagbani, da huɗubar Juma'a.

A ra'ayina motar kashe gobara ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a roƙa. Tana cinye kasafin duka, hanyoyin gona ba sa ɗaukarta, ruwan cika ta ma aiki ne. Adda, takalmin danƙo, abin bugun wuta, tankin feshi na goyo, usur, tocila, keke, aboboya ɗaya, wato babur mai ƙafa uku, mai ɗaukar jarkokin ruwa: waɗannan ke isa wurin wuta tun tana ƙarama.

Kasafi kuma kowane layi ya koma ga wani aiki da aka ambata. A karɓo farashi a rubuce daga 'yan kasuwa uku, a tuna cewa sayayyar majalisa tana ƙarƙashin dokar sayen kayan gwamnati ta 2003 da aka gyara a 2016. Idan tallafin da dala ne, a rubuta canjin da aka yi lissafi da shi da ranarsa, don sidi ba ya zama wuri ɗaya. Kuɗin taro da alawus kada su rinjayi kuɗin aikin fili, idon mai dubawa nan yake fara sauka.

Akwai tambayar da kowane mai tallafi ke yi: idan kuɗinmu sun ƙare fa? Amsar gaskiya ta dogara ga 'yan sa-kai, su kuwa mutane ne masu iyali, ba za su yi ta kwana a daji don a ce musu sannu ba. A tanadi abin da zai riƙe su. Majalisa na iya sabunta musu katin inshorar lafiya duk shekara. Ana iya ba su amya da kayan ɗiban zuma ba da wuta ba, ko dashen kashu da mangwaro. Wanda ke da amya ashirin a bakin daji ba sai an tashe shi sintiri ba.

Bayan an miƙa

A miƙa kwanaki kafin a rufe, kada intanet ya ci amanarku a daren ƙarshe. A haɗa da rahoton zaman majalisa, wasiƙun sarakuna da na hukumomi, taswira, da rahoton masu binciken kuɗi. Mutum ɗaya ya zama mai amsa waya da imel, wanda ba za a yi masa canjin wurin aiki gobe ba, a kuma ajiye kwafin komai a ofis, ba a kwamfutar mutum ɗaya ba. Masu tallafi sukan zo duba wuri ba tare da dogon shiri ba. Idan sun tambayi wata tsohuwa a ƙauye ta ce ba ta taɓa jin labarin aikin ba, magana ta ƙare.

Idan kuɗi sun fito, a karanta wa jama'a adadin a bainar taro, a manna a allon sanarwa. Rasit na kowane kobo, rijistar kayan da aka raba da sunan wanda ya karɓa, rahoto a kan lokaci. Ba a karkatar da kuɗin adda zuwa gyaran motar ofis da niyyar za a mayar. In akwai buƙatar canji, a rubuta a nemi izini tukuna. Littafin nan na ƙauye kuma a ci gaba da cika shi, domin da shi za a gwada hunturun bana da na bara.

In kuwa an ƙi, a rubuta cikin ladabi a tambayi dalili, wasu sukan faɗa. A gyara inda suka nuna, a sabunta alƙaluman da na hunturun da ya wuce, a kai wa na gaba. Kafin nan kwamiti ya tsai da ranar hana ƙona sassabe, a yi shela, a fitar da 'yan sa-kai share layi a Nuwamba da ɗan abin da majalisa ta ware, a ɗauki hotonsa a haɗa da takardar da za a sake turawa.